Sakan Huɗu na Muryar Mama

Marseille, 9 ga Fabrairu, 2022

Vartan,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, idan har an samu matar da ta iya haƙurin zama da kai. Zalhata ce, yayar Nassuf, wadda take koro ku da tsintsiya daga matakalar bene in kun cika wa mutane kunne.

Na kira lambar da Djilali, abokin waƙarku, ya ba ni har sau uku ba ka ɗauka ba. Daga baya ya ce min kunnuwanka sun lalace, ba ka jin waya. To ga takarda, ita ba ruwanta da kunne.

Yau wata huɗu da rasuwar Nassuf. Zuciya ce. Ya faɗi a tashar bas da ledar burodi a hannu, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Ba ka zo jana'iza ba, na kuma lura, amma ba gori ne ya sa ni rubutu ba.

Ka san a watan Mayu waƙarku za ta cika shekara ashirin da biyar. Mutanen ofishin unguwa sun ɗauko ta da zafi. Sun zana fuskokinku ku uku, kai da Nassuf da Djilali, a bangon gininmu na da, da sunan ƙungiyar, Hawa na Tara, da manyan baƙaƙe. Kai sun ba ka gashin da ba ka taɓa mallaka ba. Za su haska bidiyon "Mona Angu" a ɗakin wasanni, kuma wai ni suke so in hau dandamali in yi magana a madadin iyali. Wata yarinya mai tabarau daga ofishin ta ce min waƙar nan ita ce ta sa duk ƙasar Faransa ta san akwai mutane a arewacin Marseille. Na ce mata mu dai mun daɗe da sanin muna nan.

Ga abin da nake nema. Muryar matar da ke amshin waƙar, ka fi kowa sanin ta Mama ce. Ka ciro ta daga kaset ɗin da ta aiko daga Foumbouni, ƙauyenmu na Comoros, ta hannun wani matafiyi, a farkon 1997, lokacin ina Lyon ina karatun ungozoma. Mama ba ta iya rubutu ba, kaset shi ne wasiƙarta. Nassuf ya ce zai kawo min shi in saurara. Bai kawo ba. Bayan mako shida ta rasu. Tun daga ranar, duk sanda na tambaye shi sai ya ce, “Yana wurin Varto, zan karɓo miki.” Shekara ashirin da biyar yana karɓowa.

Na zazzage ɗakinsa kaf. Na samu kaset ɗari biyu da wani abu, na ari rikoda na saurare su ɗaya bayan ɗaya, har 'yata ta ce na zautu. Babu shi. Saura kai.

Ka aiko min da shi ta gidan waya, ka yi masa rajista. Ba na son faifan zinaren da aka karrama ku da shi, ba na son hotuna. Kaset ɗin uwata nake so.

Ka huta lafiya.

Zalhata Soilihi

Le Havre, 21 ga Fabrairu

Babbar yaya,

Na ga wasiƙarki, na gode. Ina gaishe ki, ina gaida 'yarki da ban sani ba. Tun a kan ambulan na gane rubutun, sai da na gyara zama kafin na buɗe, kamar za ki fito daga ciki da tsintsiyar.

Allah ya jiƙan Nassuf, ya ba ki haƙuri. Na ji labarin kwana biyu bayan an binne shi. Na sayi tikitin jirgin ƙasa duk da haka, na kai har Paris, na zauna a tasha na ci wani busasshen sanwici, na juyo gida. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Mata kuwa, an samu ɗaya, ta yi shekara tara ta gaji. Yanzu ni kaɗai ne, ina gyaran lif a dogayen gidajen bakin tashar jiragen ruwa. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana ta shewa ba dare ba rana. Likita ya tambaye ni me na yi da su. Na ce na jingina su da lasifika tun ina ɗan shekara sha biyar.

Kin ce za su haska bidiyon. Ke kina Lyon ranar da aka ɗauke shi, bari in ba ki labari. Mutumin kamfanin faifai ya zo daga Paris da takalmi fari, ya saurari waƙar a ɗakina, ya ce, “Wace ce wannan Mona Angu ɗin da ake ta kira?” Kafin Nassuf ya buɗe baki, Djilali ya ce, “Budurwarsa ce, ta gudu ta bar shi.” Wasa yake yi, amma mutumin ya rubuta a littafinsa. Shi ke nan aka ɗauko wata yarinya daga Nice, wadda ba ta taɓa taka unguwarmu ba, aka sa mata jar riga, aka tsayar da ita a kan rufin bene tana kallon teku. Iska ta kusa tafiya da ita. Tsohuwata ta hau hawa tara da ƙafa, ɗauke da tiren borek, irin sambusarmu, tana faɗa wai an bar 'yar mutane da yunwa. Duk unguwa ta fito. Mai aski ya rufe shago, matan Comoros suka leƙo ta taga da lulluɓinsu, ga su nan duk a cikin hoton. Kwanan nan na ƙirga, mutum goma sha ɗaya a bidiyon nan ba su da rai yanzu. Da Nassuf sha biyu.

Kwanan baya wani abokin aikina, ɗan shekara ashirin da biyu, yana rera amshin muna cikin ramin lif. Na ce ina ya san ta? Ya ce a bikin auren iyayensa aka sa ta. Ban gaya masa ko ni wane ne ba.

Maganar kaset, zan duba. Na yi ƙaura sau shida tun da na bar Marseille, akwai kwalaye a ɗakin ajiya da ban taɓa buɗewa ba. Ki ba ni ɗan lokaci.

Ki gaida Djilali, ki ce masa har yanzu bai iya tsayawa a kan kiɗa ba.

Naki,
Varto

Marseille, 26 ga Fabrairu

Vartan,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta iso.

Shafi biyu ka cika min da jar riga da borek, ka ba kaset layi biyu. Na san wannan salon. Shekara ashirin da biyu ina karɓar haihuwa, na san fuskar mijin da ke ta ba ni labarin cunkoson hanya don kada in tambaye shi me ya sa bai kawo matarsa tun jiya ba. Kada ka raina min hankali, na girme ka da shekara huɗu.

Tunda labarin Mona kake so, ga nawa. Na karɓi haihuwar Mona ta fi ashirin da hannuna. In tambayi uwa sunan jaririya, ta ce Mona, ta ƙara da cewa, “Saboda waƙar nan, kin san ta ai.” In ce na sani, in rubuta a 'yar robar da ake ɗaura wa jariri a hannu, in fita. Babu wata Mona, Vartan. *Mwana hangu* Mama take cewa. Ɗana. Abin da kowace uwa a tsibirinmu take faɗi ke nan, kunnen Faransawa ne ya mai da shi sunan budurwa. Uwata tana kiran ɗanta daga gadon ciwo, mutane suna tsalle a kai da kwalba a hannu. Na ji ta a kantin sayayya, na ji ta a tallar takalmi, na ji ta a filin ƙwallo. Duk inda ta tashi nakan bar wurin. Ban taɓa sauraron waƙar nan daga farko har ƙarshe ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa wani ba a wajen gidanmu, don ka daina yi min yawo da hankali.

A wurinmu 'ya mace ake gina wa gida. Mama ta yi shekara sha takwas tana goge ofisoshi a garin nan, bulo bayan bulo tana aikawa Foumbouni, don ni. Da rufi ya hau ta ce mu tafi tare in ga gidana. Ni kuma na samu gurbi a Lyon. Muka yi ta yi a kicin, tana yanka ganyen rogo, ina tsaye da takardar makaranta. Ta ce gidan nan jininta ne. Na ce, “To ki zuba awaki a ciki, ni ba zan zauna ba.” Ta ajiye wuƙar, ta wanke hannu, ta shige ɗaki. Ranar tafiyarta ban raka ta filin jirgi ba, wai ina da jarrabawa. Ƙarya ce, jarrabawar sai bayan mako guda.

Wannan ita ce maganar ƙarshe da uwata ta ji daga bakina. Ƙauyen ba waya a lokacin. Ina ta cewa zan yi mata kaset in ba ta haƙuri, ina ta jiran in ji nata tukuna.

Na tambayi Nassuf, ta ambace ni? Ya ce, “Ta gaida kowa da kowa.” Na ce ba kowa na tambaye ka ba. Sai ya tashi ya fita. Haka muka yi ta yi har ya mutu.

Shekarata arba'in da tara, na kusa kai shekarunta. Ina so in ji da kunnena ko ta kira sunana, ko kuwa ɗanta kaɗai ta kira. Ko zagi ne ina so. Idan ka san wani abu ka faɗa, idan ka jefar da shi ka ce ka jefar. Kada ka sake rubuto min labarin iska.

Zalhata

Le Havre, 19 ga Maris

Zalhata,

Ina gaishe ki. Na yi mako uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa. Wannan ba zan sake karanta ta ba, zan liƙe in kai gidan waya.

Babu wasu kwalaye. Kaset ɗin yana cikin aljihun teburina, ko'ina na ƙaura yana tare da ni. Amma muryar Mama ba ta ciki. Ni na goge ta.

Ga yadda aka yi. Rikodarku ta gida tana cin zare, shi ya sa Nassuf ya kawo kaset ɗin ɗakina. Muka saurari gefe na ɗaya tare. A tsakar gida aka ɗauke shi, ga zakara, ga iska, ga mata suna daka. Yana dariya yana fassara min kaɗan-kaɗan, wai ya rage yawo, wai ya aske kansa. Da ya juya gefe na biyu, kalma ɗaya ta fito sai ya danna ya tsayar. Ya ce, “Wannan ba nawa ba ne.” Ya ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na bayan kaset, waɗanda in babu su rikoda ba ta yarda ta ɗauki wani abu a kai. Ya ce in ajiye masa, ranar Asabar zai kai miki Lyon.

Kalmar da ta fito sunanki ce. Gefe na biyu gaba ɗayansa naki ne.

Da ya tafi na saurara. Ba ni da hurumi, na sani. A lokacin ni duk abin da ya yi sauti nama ne, ƙarar ƙofa, kukan birki, faifan cocin kakata, komai yankawa nake. Gefen Nassuf ba ya amfanuwa saboda zakaran. Naki kuwa a cikin ɗaki aka ɗauke shi, ƙofa a rufe, murya tas. Na'urata ta yankan sauti sakan goma kawai take iya riƙewa, ganga da jitar bas sun riga sun cinye shida. Saura huɗu. Abin da ta faɗa a wurin da na zaɓa shi ne, “Zalhata, mwana hangu.” Na gwada na gwada, bai shiga ba. Sai na yanke sunan, na bar sauran, na maimaita shi.

Na tambayi Djilali daga baya, ya tambayi wani ɗan Comoros, aka ce kalmar ba ta bambanta ɗa da 'ya. Ke kin fi ni sani. Kin ɗauka da Nassuf take saboda shi ne ya hau waƙar.

Da Nassuf ya ji kiɗan ya zaci daga gefensa na ciro. Ya rubuta baitinsa a tsaye, cikin minti ashirin. Ranar Juma'a wani mai shiri a gidan rediyon unguwa ya ce in mun kawo masa waƙoƙinmu kafin ƙarfe biyar zai sa. Ƙarfe huɗu ta yi, ba ni da kaset ko ɗaya da ba komai a kai, shago kuma yana can ƙasan tudu. Ga na Mama a kan tebur. Na ce a raina ai mun riga mun ciri abin da ake bukata. Na yanko salatif, na liƙe ramukan da Nassuf ya ɓalle, na ɗauki waƙoƙinmu shida a kai, gaba da baya. Ba kuskure ba ne, Zalhata. Sai da na nemo almakashi.

Ranar Asabar Nassuf ya zo karɓa da jakarsa a kafaɗa. Na gaya masa. Ya fasa min baki, haƙorin gaba na roba ne har yau. Ya ce zai gaya miki in ya samu yadda zai fara. Sai waƙar ta tashi kamar wutar daji, sai kamfani, sai rasuwar Mama. Mako biyu da rasuwarta aka ɗauki bidiyon. Ki duba shi in kin iya, ba inda Nassuf ya kalli kyamara. Mutane sun ce salo ne, yara suka yi ta kwaikwayo. Jaridu sun rubuta wai rikicin kamfani ne ya raba mu bayan faifai ɗaya. Shi dai ya gaji da hawa dandamali yana jin ana kiran yayarsa, ni kuma ina bayansa ina danna maɓallin.

Sau ɗaya muka yi maganar bayan haka, a bikin Djilali. Ya ce, “In na ce mata ba a ambace ta ba, na yi ƙarya. In na ce mata rabin kaset nata ne kuma na bar shi a ɗakinka, da wane ido zan kalle ta?”

Ni kaɗai ne a duniya na ji gefen nan, kuma ba na jin yarenku. Abin da kunnen mai kiɗa ya riƙe shi zan ba ki. Ya kai minti ashirin da biyar. A hankali take magana, muryar ƙasa-ƙasa, ba ta ɗaga ta ko sau ɗaya ba. Ta tsayar da rikodar sau uku ta sake kunnawa, ana jin ƙarar maɓallin. Tana tari. Sunanki ya fito sau da yawa, ban ƙirga ba. Kusa da ƙarshe ta yi shiru mai tsawo har na zaci zaren ya ƙare, sannan ta faɗi abin da na yanka. Bayansa akwai 'yan kalmomi, ba su fi biyar ba, sai ta kashe.

Ban ce ki yafe min ba. In kina son kaset ɗin a yadda yake zan aiko, salatif ɗin yana nan a jiki.

Vartan Kéchichian

Marseille, 4 ga Afrilu

Vartan,

Na samu wasiƙarka. Ina fatan kana lafiya.

Ka riƙe kaset ɗinka, ba na so.

Ka ce muryarta ƙasa-ƙasa take, na san don ka sanyaya min rai ka faɗa. Ba ka san Mama ba. Ita in ranta ya ɓaci ba ta ɗaga murya, sauke ta take yi. In za ta rungume ni *mwana hangu* take cewa, in za ta wanke ni tas ma da shi take farawa. Kalmomi biyar ɗin da suka biyo baya su ne amsar, su kuma ba su shiga na'urarka ba.

Shekaranjiya bayan na tashi aiki na zauna a mota, na rufe gilashi, na sa waƙar. Minti huɗu da rabi. Sau talatin da biyu take kira na a ciki. Na daɗe ina jin haushin ƙanena a kan an kira shi an bar ni, ashe ni ce nake tashi ina barin wurin. Na yi kuka, Vartan, irin wanda ban yi ba ranar da aka ce ta rasu.

Na gaya wa yarinyar ofis ba zan hau dandamali ba. Su yi bikinsu da Monarsu.

Ban yafe maka ba, ban kuma san ko zan iya ba. Amma a wannan maganar ba ni da kowa sai kai, kuma kunnenka ɗaya ya rage. Ka zauna ka rubuto min komai tun kafin ka manta. A ina ta tsayar da rikodar, shirun ya kai sakan nawa, tarin busasshe ne ko mai majina, kalmomin ƙarshen nan da wane harafi suka fara. Ko ba ka tabbata ba, ka rubuta yadda suka faɗo maka a kunne. Ni zan gwada karantawa da ƙarfi, ko wani abu zai fito.

Ina jira.

Zalhata